Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Jitar Kwamfuta

Da wuya ka shiga ƙaramin situdiyo a yau ka tarar da katuwar amfilifayar jita a jingine jikin bango. Kwamfuta za ka gani, da fiyano, da lasifika biyu, amma waƙa ta fito ka ji jita na kuka a cikinta. A nan ake musu. Wasu na cewa manhaja ta raba makaɗan jita da abincinsu, wasu kuma na cewa duk abin da ya fito daga kwamfuta sautin roba ne.

Rabin musun ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai manhajar da ke kwaikwayon jitar kanta, irin su RealGuitar da Ample Guitar: an ɗauki sautin kowace tsirkiya an adana, kai kuma ka danna fiyano ta fito da shi. Akwai kuma wadda ke kwaikwayon amfilifaya da lasifika da ƴan akwatunan sauya sauti da makaɗi ke takawa da ƙafa, irin su AmpliTube da Guitar Rig. Wannan ta biyun ba ta yin ko uffan sai an shigar mata da sauti, yawanci daga jita ta gaske da wani ya kaɗa.

"Tunda akwai manhaja, ba sai an kira makaɗi ba." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya idan jitar rakiya kawai za ta yi daga can baya, ƙarƙashin ganga da murya. Idan kuwa ita za ta ja waƙar, asiri kan tonu. Mai fiyano yana sauke yatsunsa lokaci guda, alhali hannun makaɗin jita yana shafar tsirkiyoyi shida ne ɗaya bayan ɗaya, kuma shafar da ya yi zuwa ƙasa dabam take da wadda ya yi zuwa sama. Yana iya fitar da sauti guda a kan tsirkiya biyu ko uku, kowacce da irin kaurinta. Yana tanƙwara tsirkiya ta yi kamar mai shessheka, yatsansa ya zame ka ji ɗan ƙiiii a tsakani. Manhajojin zamani suna da duk waɗannan, sai dai wanda ya san yadda ake kaɗa jita ne kaɗai ya san inda zai sa su. Wanda bai sani ba yakan danna sautuka bakwai ko takwas a tare, abin da jita mai tsirkiya shida ba za ta taɓa yi ba, kuma kunnen da ya saba da kiɗan Agadas nan take zai gane.

"Manyan makaɗa ba sa kallon kayan kwaikwayo, amfilifaya mai kwalabe kawai suka sani." Wannan kam jita-jita ce, kuma tsohuwa. Tun kafin kwamfuta ta shigo harkar ana tsallake amfilifaya. A 1968 ƙungiyar Beatles ta jona jitocinta kai tsaye cikin teburin haɗa sauti don samun gurzar da ke cikin waƙar "Revolution". Nile Rodgers na ƙungiyar Chic ya shahara da jona tasa jitar kai tsaye. Tom Scholz ya fitar da Rockman a 1982, ɗan akwati da ake ratayawa a ƙugu, kuma da shi Def Leppard suka ɗauki jitocin faifansu Hysteria na 1987, wanda ya sayu miliyoyi.

Sannan lissafin kwamfuta ya karɓi aikin. Kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da POD a 1998, AmpliTube ta fito daga Italiya a 2002, Guitar Rig daga Jamus a 2004. Na farko-farkon suna da wani kaushi a saman sautinsu da ke gajiyar da kunne, kuma daga nan baƙin sunan ya samo asali. Amma an wuce wurin. A 2011 Kemper na Jamus ya zo da wata dabara: a tura wa amfilifaya ta gaske sautukan gwaji, na'ura ta saurari amsar da ta bayar, ta kwafe halinta. Yanzu har akwai Neural Amp Modeler, wadda Steven Atkinson ya rubuta, tana koyon halin amfilifaya da ƙirƙirarriyar basira, kuma kyauta ce. A watan Disamban 2013 Metallica suka yi wasa a Antatika, inda ba a so hayaniya ta dami muhalli. Ba a kunna lasifika ba, masu kallo ta abin sawa a kunne suka saurara, jitocin kuma ta cikin Axe-Fx, wata na'urar kwaikwayon amfilifaya, suka bi. Bayan sun dawo sai suka ci gaba da amfani da ita a yawon wasanninsu. Mutanen da ke da kuɗin sayen duk amfilifayar da ransu ke so ke nan.

To me ya sa gogaggen makaɗi zai gwada, ya yamutsa fuska ya ce "ba ta da rai"? Ba ƙarya yake yi ba, amma abin da yake kwatantawa ne ya bambanta. Shi ya saba tsayawa gaban lasifika, iska na bugun ƙafafunsa, ƙarar na komawa ta girgiza tsirkiyoyi har sauti ya daɗe yana shawagi. Ita kuwa manhaja tana ba shi abin da makirufo ya ji ne bayan an kara shi a bakin lasifika, wato abin da ke shiga faifai. Mai sauraro a wayarsa bai taɓa jin wancan na farkon ba, ko da an ɗauki waƙar da amfilifaya mafi tsada a duniya. Don haka bambancin yana jikin mai kaɗawa fiye da kunnen mai saurare.

Sai koken jinkiri: "Na kaɗa, sai daga baya nake ji." Yana faruwa, amma yawanci saiti ne. Kwamfuta tana tara sauti guntu-guntu kafin ta sarrafa shi. Idan an bar guntun a kan 1,024, a ma'aunin 44,100 cikin daƙiƙa, jiran kowane guntu ya kai milisakan 23, kuma hannu zai rikice. A mai da shi 128, ya koma kusan 3. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wanda ya tsaya mita 3 daga amfilifayarsa ma jinkirin milisakan 9 yake sha, bai taɓa ƙorafi ba. A kan Windows kuma, don rage jinkirin, a tabbatar ana amfani da direban sauti na ASIO.

Wani laifin da ake ɗora wa manhaja ba nata ba ne sam. Mutum ya samo ƴar mahaɗa ya cusa wayar jita a ramin makirufon laftof, sauti ya fito siriri, ga wani zuuu da ba ya yankewa. Jitar lantarki tana son mashiga ta musamman, wadda a jikin akwatin shigar da sauti ake rubuta mata Hi-Z ko Inst. Shi kuma zuuu ɗin, sau da yawa wutar gida ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa take shiga, ko caja mara kyau, ko janareta. Manhaja ƙara masa ƙarfi kawai take yi tare da kiɗan. Zare cajar ka bar laftof a kan batir, ka juya jikinka da jitar a hankali, sau da yawa za ka ji ƙarar ta ragu.

Masu cewa kayan sauya sauti suna kashe kiɗan gida su tuna da Mdou Moctar na Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayoyin birkin keke. Faifansa Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, muryar cike da Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa, ya yaɗu daga waya zuwa waya har ya kai shi Turai da Amurka. Na'ura ba ta goge Abzin daga yatsunsa ba.

Akwai kuma masu cewa manhajar da aka fasa aka raba a filash daidai take da ta saye. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta ESET ya bankaɗo LoudMiner, wata ɓoyayyiyar manhajar haƙar kuɗin intanet da aka cusa cikin fasassun manhajojin kiɗa. An zaɓi masu haɗa kiɗa ne saboda kwamfutocinsu na da ƙarfi, kuma ko sun yi nauyi ba za a yi zargin komai ba. Ga AmpliTube da Guitar Rig duk suna da nau'in kyauta na halal, to wahalar ta mece ce?

Manhaja ta maye gurbin amfilifaya da ɗakin ɗaukar sauti, wannan gaskiya ne. Cewa ta maye gurbin makaɗi kuwa jita-jita ce. Mai situdiyo, idan kuɗinka kaɗan ne, sayi akwatin shigar da sauti mai kyau da sababbin tsirkiyoyi, sauran ka biya wanda ya iya kaɗawa.