Dattijo, Butarsa da Ɗigon Fitsari

Duk wanda ya saba sammakon zuwa masallaci ya san irin dattijon nan da kan daɗe a makewayi da butarsa har a tayar da iƙama, wanda kuma, bayan ya yi tsarki ya ɗaura wando ya kammala alwala, sai ya ji wani ɗan danshi ya sauko masa, ya koma ya sake tun daga farko, zuciyarsa cike da waswasi, alhali kunya ta hana shi faɗa wa kowa, ko da uwargidansa.

Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya ba su bar wannan mas'ala babu hukunci ba, domin sun kira ta salasul bauli, suka ce idan ta lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ta warware alwala, suka kuma karantar da istibra'i, wato tatse abin da ya saura a mafitar fitsari a hankali. Sai dai malami hukuncin ɗahara yake bayarwa. Sanin sababin larurar kuwa fannin likita ne.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙululu da likitoci ke kira furosteti, wanda a jikin saurayi bai wuce ƙwayar goro ba, nauyinsa kimanin giram 20, aikinsa samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa, saboda haka idan ya soma girma, kamar yadda yakan yi bayan shekara 40, sai ya matse ta tamkar wanda ya taka tiyon ban-ruwa. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan girma, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa ya kai tara cikin goma. Daga nan ne mutum zai tsuguna ya yi ta jira kafin fitsari ya zo, in ya zo ya zo siriri yana yankewa, ya tashi bai ji mararsa ta sake ba, ga farkawa sau uku ko huɗu kafin asuba.

Wannan girma ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama shi, illa dai su biyun sukan haɗu a jiki ɗaya, ga shi baƙar fata sun fi sauran jinsuna kamuwa da dajin wannan ƙululu. Ciwon suga da tabon tsohon ciwon sanyi su ma sukan kawo alamu masu kama da waɗannan. Likita yakan rarrabe ta hanyar gwajin fitsari, da gwajin jini mai suna PSA, da hoton mara, da kuma taɓa ƙululun da yatsa ta dubura, wanda shi ne abin da dattawa suka fi gudu, ko da yake ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magani kuwa hawa-hawa ne. Mai ƙaramar larura ya rage shayi da goro da shan ruwa bayan magariba, ya yi hattara da wasu magungunan mura masu iya ɗaure fitsari, in ya gama kuma ya danna bayan maraina da yatsu ya turo gaba, wanda kusan shi ne istibra'in da malamai suka koyar. Ƙwayar tamsulosin tana sassauta matsin cikin 'yan kwanaki, finasteride kuwa tana rage girman ƙululun, amma sai an yi haƙurin kamar wata shida. In abu ya faskara, ana kankare shi ta hanyar fitsarin ba tare da an tsaga ciki ba.

Amma wanda fitsarinsa ya tsaya cak mara ta kumbura, ko ya ga jini, ko zazzaɓi ya rufe shi, to kada ya jira gari ya waye, kada kuma ya tsaya jiƙa saiwa. A kai shi asibiti a sa masa roba, domin fitsarin da ya taru ya rasa mafita baya yake komawa, ƙoda kuwa ita ke biyan diyya.