Kwanan Gona da Na'urar Numfashi

A Mafaza, wani gari a bakin kogin Rahad cikin jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama, yankan riɗi da girbin dawa kan sa manomi ya kwana a gona. Ga mai ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, wannan kwana ba ƙaramin al'amari ba ne. Maƙogwaronsa kan toshe, ya yi ta minshari, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa kafin asuba. Na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Ostareliya ya bayyana a 1981, tana hura masa iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Sai dai aikinta sai da lantarki, gona kuwa babu.

A nan batiri ke shigowa. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma irin mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato 600. Idan na'urar na jan wat 20, barcin awa 8 zai ci 160, ke nan dare 3 har da saura. Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne ɓangaren ɗumama ruwa, wanda ke cin wuta fiye da injin kansa; gara a kashe shi. Inbata ma tana ɓarnar wuta, don haka wayar da aka ƙera wa na'urar don batiri ta fi. Batirin tarakta kuwa don tayar da inji aka yi shi. Wanda ya kwana da shi yana iya wayar gari tarakta ta ƙi tashi.