Ƙaramar Mota Mai Doguwar Ƙafa a Ƙasar Yauri

Dā can, babbar hanyar mutumin ƙasar Yauri ita ce kogi. Bagunge ya kan loda albasarsa a jirgi, Basarke ya loda kifinsa, su bi ruwan Kwara har kasuwar Yelwa, ba ruwansu da kwalta ko kwalbati. Amma sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da tsibirai da yawa, har da mafi yawan babban tsibirin nan na Foge. Aka ta da mutum wajen 44,000 daga ƙasar Yauri da ta Borgu, aka kai su sababbin gidaje a tudu. Jirgi bai daina aiki ba, amma tun daga lokacin nan mai ciwo da mai naƙuda da ɗan makaranta suna bukatar hanyar ƙasa fiye da dā.

Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega, kowace mota tana iya binta. Wahalar tana farawa ne in ka sauka daga kanta, ka nufi tungayen Ngaski da na Shanga, ko ƙauyukan bakin ruwa wajen Wara da Libata. A nan akwai burji, akwai yashi, akwai taɓo, akwai kuma irin hanyar nan da manyan motoci suka haƙa mata kwari biyu suka bar tudu a tsakiya. Wannan tudun na tsakiya shi ne abokin gāban ƙaramar mota.

Saboda haka mu ke so mu yi magana a kan wata irin mota da ta yawaita a duniya cikin shekarun nan. Masu ƙera ta suna da nasu sunan, mu dai ruwa-biyu za mu kira ta, gama uwarta ƙaramar mota ce, ubanta kuwa jif. Injinta da gangar jikinta na ƙaramar mota ne, amma an ɗaga ta sama, an ba ta doguwar ƙafa.

Tazarar ciki da ƙasa

Dattawa cikin masu karatu ba su manta da Peugeot 504 ba, wadda kowa ya ke kira Fijo. An fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ita 504 kuwa ta daɗe ana yin ta har bayan shekarar 2000. Abin da ya sa mutane suka so ta ba kyan fenti ba ne. Tana jure rami, cikinta ba ya jan ƙasa, kuma kowane bakanike a kowace tasha ya san ta ciki da waje. Da aka daina yin ta, sai ƙananan motoci na hannu suka cika ƙasar nan, waɗanda mu ke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Motoci ne masu kyau, amma an yi su domin titunan Turai da Amurka, inda babu tudu a tsakiyar hanya.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Yawancin ƙananan motoci, tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 13 ne zuwa 15. Ruwa-biyu kuwa ta kan kai 18, waɗansu 20. Wani zai ce, a kan faɗin yatsa uku ko huɗu ake wannan dogon bayani? I, a kansa ne. Gama a ƙarƙashin mota akwai kwanon baƙin mai, da salansa, da tankin fetur. In dutse ya huda kwanon baƙin mai, man ya tsiyaye direba bai lura ba, cikin ɗan lokaci injin zai buga, kuɗin gyaransa kuwa ya isa kuɗin makarantar yara na shekara. Yatsun nan huɗu su ne bambancin wanda ya wuce lafiya da wanda ya kwana a daji yana jiran a jawo shi. A shekarun nan kuwa, tun ba bayan sace ɗaliban kwalejin Birnin Yauri a watan Yuni 2021 ba, babu magidancin da ya ke son magariba ta same shi da iyalinsa a gefen hanya.

Akwai wani amfani kuma da masu sayarwa ba su cika faɗi ba. Kujerarta ba ta nutse ƙasa ba, ba ta kuma yi tsayin da sai an hau kamar raƙumi ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da mace mai tsohon ciki suna shiga su fita ba sai an tallafe su ba. Direba kuma yana hangen rami da akuya tun daga nesa.

Tun yaushe aka fara yin su? Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, su ne suka buɗe wannan hanya. Daga baya masu ƙera motoci a Indiya suka ga cewa talakansu ma yana da mummunar hanya, ba shi kuwa da kuɗin RAV4. Sai aka yi ƙanana masu araha, kamar Renault Kwid a 2015, da Suzuki S-Presso a 2019. Ita S-Presso ta shigo Nijeriya, masu hayar mota a Legas sun yi ta aiki da ita dare da rana, don haka da ita za mu yi misali. Cikinta santimita 18 ne daga ƙasa, injinta lita ɗaya ne mai silinda uku, nauyinta bai kai kilo 800 ba, tankinta yana cin lita 27.

Cikin mota da aljihun maigida

Wanda ya sayi mota kafin 2023 bai cika tambayar yawan shan manta ba. Amma ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Manyan jif da yawa sun koma ado a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinsu.

Masu S-Presso sun ce a wurin gwajinsu tana yin fiye da kilomita 20 da lita ɗaya. Lalle a kan burji, da mutane da kaya, ba za ta kai haka ba. Bari mu ce tana yin 16. Tafiyar kilomita 200 za ta sha lita 12 da rabi. Tsohuwar jif mai yin kilomita 8 da lita, lita 25 za ta sha a wannan tafiya ɗin, watau ninki biyu. In malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti suna irin wannan tafiya sau biyu a wata, to, a shekara bambancin lita 300 ne. Kowa ya buga da farashin gidan man garinsu, zai ga buhun shinkafa nawa ke nan. Tayarta ma ƙarama ce, batir ƙarami, baƙin man da ta ke ci kaɗan ne.

Amma fa araha a nan ba ta nufin kuɗi kaɗan. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, dalar da ta ke wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, farashin kowace sabuwar mota ya yi tsalle tare da ita. Mafi yawan masu karatunmu ta hannu za su nema. Muna ba da shawara miji da mata su zauna tare su yi lissafi tun kafin a je wurin dillali: kuɗin motar, da inshora, da sabunta takardu, da taya huɗu, da abin da za a ajiye domin gyara. In sai an sayar da gona ko an taɓa kuɗin makarantar yara, to, babur ɗin nan da ake rainawa bai gama aikinsa ba tukuna.

Abin da ba za ta iya ba

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, gama siffarta ta jif ce. Yawancin ruwa-biyu masu araha, ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Ba ta da giyar nan ta ƙarfi da Land Rover da Land Cruiser su ke fita taɓo da ita. Doguwar ƙafa tana hana ciki jan ƙasa, ba ta hana taya juyawa a wuri ɗaya cikin laka.

Mutanen bakin tafki sun san halin ruwansu. Farin ruwa ya kan zo da damina, daga ruwan saman da ya sauka a ƙasashen kusa. Baƙin ruwa kuma ya iso da sanyi, bayan ya yi watanni yana tafiya daga duwatsun ƙasar Gini. Da bazara tafkin ya ja baya, ya bar fili mai faɗi wanda samansa ya bushe ya tsage, ƙarƙashinsa kuwa taɓo ne ɗanye. Direba ya ga kamar zai iya kai mota har bakin jirgi don a sauƙaƙe lodin kifi, sai ta nutse har ciki. Gara a tsaya a kan tsandauri, a biya yara su ɗauko kayan a ka.

Haka nan rafi da damina. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, in ya shaƙi ruwa kuwa ƙarafan cikinsa su kan tanƙware nan take. In ruwa ya wuce tsakiyar taya, kada a shiga. In yana gudu, kada a shiga ko da bai kai haka ba, gama motar da ba ta kai kilo 800 ba, ruwa ba ya shan wahalar ɗaukarta. A yashi kuwa, a rage iskar taya kaɗan, a sa giya ta biyu, kada a tsaya a tsakiya.

Sai maganar lodi, wadda ita ce cutarmu ta gado. Irin wannan ƙaramar mota, abin da aka yi ta ta ɗauka, mutane da kaya duka, wajen kilo 400 ne. Manya huɗu da babban buhun albasa ɗaya, an gama. In aka ƙara buhu biyu a baya da kwandon kifi a sama, motar za ta zauna, tsayin nan da aka biya kuɗi dominsa ya tafi, birki kuma ba zai kama yadda ya kamata ba. Da ya ke tana da tsayi ga rashin faɗi, kaya a samanta suna sa ta saurin kifewa a kwana. Ƙasar nan ta riga ta san abin da lodi fiye da kima ke jawowa, tun ranar da jirgin nan ya nutse kusa da Wara a watan Mayu 2021, gidaje da yawa suka yi makoki. Mai fataucin albasa, a-kori-kura ya ke bukata, ba motar iyali ba.

Game da haɗari, ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, araha ba ta ado. Wata ƙungiya mai gwada ƙarfin motoci, Global NCAP, ta kan buga mota da gangan ta ba ta tauraro daga sifiri zuwa biyar. A 2020 ta gwada S-Presso ta kasuwar Indiya mai jakar iska ɗaya, ba ta ba ta tauraro ko ɗaya ba wajen kāre manya. A 2022 ta gwada wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu mai jakar iska biyu, ta ba ta uku. Ashe suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya. Mai saye ya tambaya jakar iska nawa ce a ciki, ya duba ko ba a taɓa fasa su ba, kowa kuma ya ɗaura bel, har da na baya. Yaro ba a riƙe shi a cinya a kujerar gaba.

A fara daga wurin bakanike

A ganinmu, kafin ka je wurin mai sayar da mota, ka fara zuwa wurin bakaniken da zai riƙa gyara ta, da shagon kayan gyara a Yelwa. Ka faɗi sunan motar, ka tambaya: akwai takalmin birki? Akwai matatar mai da ta iska? In famfon fetur ya mutu, kwana nawa kafin wani ya iso daga Kaduna ko Legas? In bakanike ya yi ta sosa ƙeya, ka ji amsa. Sabuwar mota mai shan mai kaɗan, wadda za ta yi wata guda a gareji tana jiran ƙarfe ɗaya, ba ta kai tsohuwar RAV4 amfani ba, wadda kayanta su ke a kasuwa ko da ya ke ta fi ta shan mai. Waɗansu kuma su kan zaɓi Toyota Matrix ko 'yar'uwarta Pontiac Vibe, domin injin yawancinsu na Corolla ne, kowa kuwa ya san Corolla.

Mun fi son mai giyar hannu ga mutumin ƙauye, gama gyaranta ya fi sauƙi, in batir ya yi sanyi kuma a tura ta ta tashi. Motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki, ba kowane ciwonsu ake ganewa da kunne ba, don haka a tambaya wa ke da na'urar dubawa a kusa. Ba sa kuma jure gurɓataccen mai irin na galan a bakin hanya. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska, ƙura ba ta yi wa ƙaramin inji da daɗi.

Ranar saye, ka tafi da bakanikenka da sanda. Ku zaunar da mutum huɗu a ciki, ka durƙusa ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi sauka a ƙarƙashinta, sa'an nan ka gwada da tudun hanyar garinku. Ku duba tsatsa a ƙasan mota, da laka a ƙarƙashin shimfiɗa, gama akwai motocin da ambaliya ta ci a ƙasashen waje aka wanke aka kawo. Lambar da ke jikin motar ta yi daidai da wadda ke cikin takardun kwastan, harafi da harafi, kafin kuɗi su bar hannunka.