Yadda ƙwan kwaɗo yake samun tsoka da jini

Da damina, in ruwa ya kwanta a ƙoramar Gunti Yena, kusa da kasuwar Katako, kwaɗi suna kuka dare farai. Lokacin ne suke saka ƙwai cikin ruwa. Ƙwan kwaɗo ƙarami ne, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Babu tsoka cikinsa, babu jini, babu zuciya. Amma bayan ƴan kwanaki sai ɗan kwaɗo mai wutsiya ya fito yana iyo. Ina ya samo tsokar da yake kaɗa wutsiya da ita?

Tubalan jiki

An gina jikin kowace dabba da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubi mai ƙara girma. Ƙwan kwaɗo ƙwaya ɗaya ce tak. Tana rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Cikin ƴan awoyi sun zama dubbai, a dunƙule kamar ƙwallo. Na sama ƙanana ne, baƙaƙe. Na ƙasa manya ne, masu haske, cike da gwaiduwa.

Daga nan ƙwayoyin suna jeruwa shimfiɗa uku. Ta waje tana ba da fata da ƙwaƙwalwa. Ta ciki tana ba da hanji da hanta. Ta tsakiya, wadda masana suke kira mezodam, tana ba da tsoka, da jini, da zuciya, da ƙoda, da yawancin ƙasusuwa.

Wa ke ba da umurni?

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Pieter Nieuwkoop, ya bincika wannan tambaya. A 1969 ya yi gwaji da ƙwan wata dabbar ruwa, dangin kwaɗo. A 1971 shi da abokiyar aikinsa suka sake gwajin da ƙwan kwaɗo. Sun yanke ƙwayoyin sama, sun ajiye su su kaɗai cikin ruwan gishiri. Fata kawai suka zama. Sai suka manna ƙwayoyin sama bisa na ƙasa. A nan ne waɗansu ƙwayoyin sama suka zama tsoka da jini. Ashe ƙwayoyin ƙasa suna aika saƙo ga maƙwabtansu, saƙon ne yake haifar da shimfiɗar tsakiya.

Saƙon ba magana ba ce. Sinadari ne da ƙwaya take fitarwa, ya ratsa zuwa ga ta kusa. Ana kiran irinsa sinadarin girma. Bisa bayan kowace ƙwaya akwai makarɓa. Kowane sinadari yana da makarɓarsa, kamar makulli da kwaɗon ƙofa. In ya shiga, labari ya kai cikin ƙwayar, sai ta kama sabon aiki.

A 1987, a Ingila, Jonathan Slack ya nuna sinadarin da ake kira FGF yana iya mai da ƙwayoyin sama su zama shimfiɗar tsakiya. Daga 1989 zuwa 1990, Makoto Asashima a Japan da Jim Smith a Ingila suka gano wani sinadari mai ƙarfi, sunansa aktibin. Bayan haka aka gane cewa babban saƙon da ƙwayoyin ƙasa suke aikawa cikin ƙwai shi ne nodal, ɗan'uwan aktibin, mai shiga makarɓa iri ɗaya da shi.

Yawa da ƙaranci

Saƙo ɗaya yana iya ba da umurni iri iri. Ku dubi marini: zane ya shiga baba sau ɗaya, shuɗinsa mai haske ne, ya shiga sau da yawa, ya yi baƙi. Haka aktibin yake. In an zuba kaɗan, ƙwayoyin sama su zama jini. In an ƙara, su zama tsoka. In an ƙara sosai, su zama sandar baya, wadda ƙashin baya yake ginuwa kewayenta. Cikin ƙwai, gefen da zai zama baya yana samun saƙo mai yawa, gefen ciki yana samun kaɗan. Shi ya sa kowane sashe yake fitowa a wurinsa.

In saƙo ya yanke fa? A 1991, a Amurka, Enrique Amaya da abokan aikinsa suka toshe makarɓar FGF cikin ƙwan kwaɗo. Ƴaƴan kwaɗin sun fito da kai, amma gangar jiki ta tauye, wutsiya ba ta fito ba.

Abin da ya shafe mu

Mutum ma haka yake farawa. A mako na 3 bayan shigar ciki, shimfiɗu uku suna jeruwa, kuma nodal da FGF suna cikin masu ba da umurni. Ƙwan kwaɗo yana girma cikin ruwa, a fili, inda ake iya kallonsa. Saboda haka likitoci suke koyo daga gare shi don su gane dalilin waɗansu nakasassu da ake haihuwar jarirai da su. Kwaɗin da aka fi yin wannan bincike da su na Afirka ne. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka karanta dukan tsarin gadonsa a 2010, asalinsa daga Najeriya yake.

Aiki

Ku tafi tare da malam, ku ɗebo ƙwan kwaɗo da ludayi cikin kwano, tare da ruwan wurin. Kada ku shiga ruwan, don yana kawo tsargiya. Ku duba ƙwan safe da yamma, ku zana abin da kuka gani. In sun ƙyanƙyashe, ku mai da su inda kuka ɗebo su, ku wanke hannu da sabulu.

Tambayoyi

1. Me shimfiɗar tsakiya take bayarwa?
2. Me ƙwayoyin sama suke zama in an ajiye su su kaɗai?
3. Me ya faru da aka toshe makarɓar FGF?