AGOGON DA BA YA CIN BATIR: ABIN DA YA KAMATA A SANI KAFIN A SAYA

 In an kwashe albasa, an sheƙe shinkafa, ɗan kuɗi ya shigo hannu, mutum yakan so ya sayi abin da zai daɗe yana mora. A tarurrukan ƙungiyoyinmu an sha tambayarmu a kan agogon hannu wanda ba a sa masa batir, wato wanda 'yan kasuwa ke kira otomatik. Shin gaskiya ne ba ya tsayawa? Yana jimre ruwa? Ƙaƙa za a gane na ƙwarai? Bari mu duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya, domin kuɗin gumi bai kamata ya tafi a banza ba.

Wani zai ce, ina amfanin agogo ga mai waya a aljihu? Amsar tana nan kusa da mu. Tun 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, tana ba ƙasa wuta, amma har yanzu akwai ƙauyukan bakin tafki da wutar ba ta kai ba, inda ta kai ma ba kullum ta ke zama ba. Waya sai da caji, ba ta kuwa shiri da ruwa. Ga shi kuma ayyukanmu da yawa da awa a ke auna su. Ƙungiyar da ke da injin ban ruwa guda ɗaya, da awa ta ke raba shi, in babu agogo kuwa sai gardama. Mai jirgi yana bukatar ya san lokacin da zai juyo don kada duhu ya same shi a tsakiyar ruwa. Mai jinya kuma yana bukatar ya ba da magani a kan kari.

Agogo iri uku ne

Na fari shi ne na wani, irin na iyayenmu. Kowace safiya sai an murza ɗan maɓallin da ke gefensa, in an manta ya tsaya. Na biyu shi ne mai batir, wanda Turawa ke kira kwaz. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara fitar da shi kasuwa, a Disamba 1969, daga nan ya cika duniya saboda araha da daidaito. Na uku shi ne otomatik. Cikinsa irin na mai wani ne, sai dai shi da kansa ya ke yi wa kansa wani.

Yadda ya ke aiki

A cikin agogon akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe, wato sifirin. Shi ne rumbun ƙarfin agogo. A bayansa kuma akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, kamar rabin wata, wanda ke juyawa a sake. Duk lokacin da ka ɗaga hannu, ko ka yi tafiya, ko ka tuƙa jirgi, sai faifan ya juya, ya ƙara ɗaure sifirin. Sifirin kuma yana warwarewa a hankali, yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora. Akwai wata 'yar ƙafa mai kai da komowa wadda ke tsare shi kada ya warware gaba ɗaya, ita ce ke yin ƙarar nan da mu ke ji in mun kara agogo a kunne. A yawancin masu sauƙin kuɗi takan buga sau 6 a sakan ɗaya, wato sau 21,600 a awa, sau 518,400 a kwana guda.

Wani Baturen Ingila mai gyaran agogo, John Harwood, shi ya fara ƙera irin wannan na ɗaurawa a hannu har ya shiga kasuwa, ya sami takardar mallakar ƙirar a Suwizalan a 1924. Abin da ya dame shi shi ne ƙura da laima da ke shiga ta ramin maɓallin wani, wato abin da mu ma ke fama da shi da hunturu da damina. A 1931 kamfanin Rolex ya fito da faifan da ke kewayawa gaba ɗaya, irinsa ne a ke amfani da shi har yau. A 1963 kuma Seiko ya fito da Seiko 5, wanda ya kawo otomatik hannun talaka. Orient da Citizen, su ma na Japan, suna yin masu kyau a kan kuɗi matsakaici.

Abin da ba zai iya ba

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai abu uku da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Na ɗaya, yana tsayawa. In sifirin ya cika, yawancinsu sukan yi wajen awa 40 a ajiye. Wanda ya tuɓe shi ran Jumma'a da yamma, ran Lahadi da safe yana dab da tsayawa. Mutumin da ba ya ɗaura agogo sai zai tafi sujada ko biki, kullum zai tarar da shi a mace. Ba lalacewa ya yi ba, yunwa ya ke ji.

Na biyu, bai kai mai batir daidaito ba. Mai batir yakan kuskure kamar sakan 15 a wata. Otomatik mai sauƙin kuɗi yana iya yin gaba ko baya da sakan 20 ko 30 a rana ɗaya, masu ƙera shi kuwa ba su ɗauki wannan a kan aibi ba. Sakan 20 a rana minti 10 ke nan a wata. Ga rabon injin ban ruwa wannan ba kome ba ne, muddin dai an daidaita shi da rediyo ko waya sau ɗaya a mako.

Na uku, ba ya son duka. Tsinken da 'yar ƙafar nan ke juyawa a kansa siriri ne ƙwarai. Faskare, da sara da gatari, da haƙa a busasshiyar ƙasa, da faɗuwa a kan siminti, duk suna iya lanƙwasa shi ko su rikita tafiyarsa.

Abubuwan dubawa a kasuwa

Ko a Warra ne, ko Yelwa, ko Kontagora, ko Sabon Garin Kano, ba a cinikin biri a sama. Riƙe agogon a hannunka, ka bi waɗannan:

1. Dubi siririn hannu mai ƙirga sakan. Na otomatik yana tafiya da gajerun taku masu sauri, kamar yana sulalewa. In ka ga yana tsalle sau ɗaya kowane sakan, to, akwai batir a ciki, ko da me aka rubuta a fuskarsa.

2. In a tsaye ka same shi, kaɗa shi a hankali hagu da dama kamar rabin minti. Na ƙwarai zai tashi, ya ci gaba da tafiya bayan ka ajiye. In ya tsaya bayan minti kaɗan, bar musu kayansu.

3. Waɗansu suna da gilashi a baya. Duba ka ga faifan yana juyawa ba tare da gogar kome ba, ka kuma ga 'yar ƙafar tana kai da komowa. Masu jabu sukan manna faifan ƙarya a bayan agogo mai batir, amma ba za ka ga wannan 'yar ƙafa tana motsi ba.

4. Za ka ga an rubuta 17, ko 21, ko 24 JEWELS. Waɗannan 'yan jajayen duwatsu ne da a ke yi a masana'anta, a kafa su inda ƙarfe ke gogar ƙarfe don kada ya cinye. Ba su da wata daraja ta sayarwa. Daga 17 zuwa sama ya isa, kada a ƙara maka kuɗi wai don duwatsu sun yi yawa.

5. Juya bayansa ka karanta. In an rubuta STAINLESS STEEL BACK, ko BASE METAL, murfin baya kaɗai ne ba ya tsatsa, jikin kuwa shafe ne, gumi zai cinye shi. Nemi wanda jikinsa duka baƙin ƙarfe ne marar tsatsa. Ruwan zinariya ado ne na 'yan watanni a hannun manomi.

6. Tambaya ko a kan iya yi masa wani da hannu. Seiko 5 da yawa na da, masu inji 7S26 wanda ya fito a 1996, ba su da wannan, sai dai a kaɗa su. Na baya masu inji 4R36 suna karɓar wani da hannu, wannan kuwa taimako ne ga dattijo wanda ba ya yawan motsi.

7. Jawo maɓallin, ka juya hannuwan su wuce ƙarfe 12, ka ga rana da kwanan wata sun canja sosai.

8. Maɗaurin fata ba ya daɗewa a wurinmu, gumi da ruwa suna ruɓar da shi. Na ƙarfe ko na zaren roba ya fi.

9. Lura da rubutun fuskar. In harufa sun karkace, ko fenti ya yi kauri, ko launin ya yi ƙyalli fiye da kima, wataƙila tsohon inji ne aka haɗa daga gawarwakin agogo aka sāke masa fuska. Irin waɗannan suna da yawa. Wanda ya miƙo maka Rolex a kan kuɗin tunkiya, ka san araha ba ta ado.

Akwai kuma waɗanda a ke tallarsu da cewa ba su cin batir, alhali suna da wani ɗan batir mai caji a ciki. Seiko Kinetic yana caji da motsin hannu, Citizen Eco-Drive kuma da haske. Agogo ne masu kyau, suna da daidaito irin na mai batir, amma bayan shekaru abin cajin yakan gaji, ba kowane mai gyara ke da shi ba.

Maganar ruwa

Wannan ita ce babba ga mutanen bakin tafki. Lambar da a ke rubutawa, 30M ko 50M ko 100M, gwajin matsi ne da aka yi a masana'anta, agogon yana sabo. Ba ta nufin ka nutsa da shi zurfin haka. Mai 30M, da wanda aka rubuta WATER RESISTANT kawai ba lamba, iyakarsu yayyafi da wankin hannu. Mai 50M ya ɗan fi, amma kada a amince masa a tafki. Mai jefa birgi, da mai jan taru, da mai shiga fadama, su nemi 100M zuwa sama. In an sami mai maɓallin da a ke murɗawa ya kulle kamar noti, ya fi kyau.

Abin da ke tsare ruwa 'yan zobban roba ne a bakin murfi da maɓalli. Zafi yana busar da su, shekaru suna cinye su. A nan otomatik ya fi mai batir, domin ba a buɗe bayansa kowace shekara biyu a kan teburin kasuwa. Kada ka jawo maɓalli agogo yana jiƙe. In ka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, ruwa ya shiga ke nan, kai wa mai gyara cikin kwana ɗaya ko biyu, tun tsatsa ba ta kama ba.

Kulawa

Ɗaura shi kullum, amma ka tuɓe in za ka yi faskare ko sara. Kada ka ajiye shi a kan rediyo, ko lasifika, ko waya, gama maganaɗisun da ke cikinsu yakan sa ya yi ta gudu. In ka ga haka, ba ya mutu ba ne, mai gyaran da ke da abin cire maganaɗisu zai daidaita shi nan da nan. Kada ka canja kwanan wata da maɓalli in agogon yana nuna tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, domin a lokacin haƙoran canjin suna haɗe, suna iya karyewa. Kada ka buɗe shi da wuƙa, kada kuma ka ɗiga masa man keke ko kananzir. Bayan shekara 4 ko 5 man da ke ciki yakan bushe, sai a wanke a sa sabo a wurin wanda ya iya. Saboda haka tun kafin ka saya, bincika ko akwai mai gyaran irinsa a inda ka ke cin kasuwa, ka zaɓi irin da ya saba da shi.

To, wa ya kamata ya saya?

Wanda zai ɗaura kullum, yana nesa da inda a ke samun batir mai kyau, yana kuma da kuɗin na ainihi, otomatik zai yi masa shekaru masu yawa, har ɗansa ya gāda. Wanda aikinsa na sara da haƙa ne, ko kuɗinsa kaɗan ne, ya sayi ƙaramin Casio na roba irin F-91W, wanda batirinsa kan kai wajen shekara 7. Babu abin kunya a ciki. Gara shi da jabun otomatik. Sai dai a lura da mataccen batir, kada a yar da shi inda yara ke wasa. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, a kai shi asibiti nan take.

Ga ƙungiyoyi kuma shawararmu ita ce, mai kula da injin ban ruwa ya riƙe agogo guda wanda kowa ya yarda da shi, a daidaita shi a gaban jama'a ranar taro. Wanda zai je saye ya tafi da ɗan'uwa mai karatu, su karɓi rasit, su kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa za a gwada agogon kwana uku. Kada a taɓa kuɗin taki ko na makarantar yara saboda agogo. A fara cika rumbu tukuna.

In akwai sauran tambaya, a kawo ta taro na gaba, mai agogo kuma ya zo da shi mu duba tare. Allah ya ba mu damina mai albarka.