Gani Ya Kori Ji: Yadda Muka Hau Dutsen Gera A Tsakiyar Bazara

Tun ranar da muka dawo Njamena ake ta tare mu a kasuwa ana tambaya, wai da gaske ne mun hau dutse a wannan zafi saboda shanu? To, da gaske ne. Mun hau, mun kuma sauko da ƙafafunmu, ko da yake saura ƙiris a sauko da ɗayanmu a kafaɗa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta labarin, don abin da ya kai mu can yana iya samun kowane ɗayanmu.

Mafarin Magana

Kowa ya san halin da fatauci ya shiga. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014 hanyar Kusiri zuwa Gamborun Ngala da Maiduguri ta daina zama kamar yadda muka san ta, sa'an nan a 2023 darajar naira ta faɗi, har ya zama wanda ya sayi sa da sefa ya sayar da naira yakan dawo gida yana lissafi da yatsu. Dattawanmu da suka ga 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi shanun Chadi suka yi ta kwarara Nijeriya, sun ce yanzu reshe ne ya juye da mujiya.

Saboda haka wani ɗan ƙungiyarmu, wanda za mu kira shi Alhaji kawai, da ya sayi bijimai 46 da kaka a kasuwannin ƙasar Gera, bai koro su ba. Sai ya sa masu lambarsa, ya bar su amana a hannun wani Balarabe makiyayi, kafin kasuwa ta gyaru. Da bazara ta yi ya buga waya ya ce a kawo su bakin hanya. Makiyayin ya ce shanu suna wani kwari can sama tsakanin duwatsu, ba za su sauko ba sai an yi ruwa. Daga nan waya ta daina shiga. Ana cikin haka sai wani ya zo ya ce shi da idonsa ya ga sa mai lambar Alhaji a hannun mahauta a Bitkin.

Alhaji ya tashi zai kai ƙara wurin jandarma. Dattawan ƙungiya suka ce a'a, a fara zuwa a gani. Aka tura mu mu huɗu har da shi, bayan ƙaramar Salla, a watan Afrilu, lokacin da Larabawan nan suke kira sef, watau tsakiyar bazara.

Ƙasar Duwatsu

Daga Njamena, wadda tsofaffinmu har yau suke ce wa Fallomi ko da yake an sake mata suna tun 1973, muka bi ta Masaget da Ngura da Bokoro, tafiyar sama da kilomita 400 ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. Sai an kusa Bitkin manyan duwatsu suke ɓullowa. Akwai Abtuyur mai tsini, wanda sunansa da Larabci ke nufin mai tsuntsaye, akwai kuma shi kansa Dutsen Gera, mai tsawon mita 1,613. Bai kai rabin Emi Kusi na Tibesti ba, wanda ya kai mita 3,415, amma wanda iyakar hawansa Dala ne ko Goron Dutse kada ya raina shi.

Mutanen wurin ana ce masu Hajarai, watau mutanen duwatsu. Kakanninsu sun fake a kan duwatsun nan ne daga mahayan Wadai masu kamun bayi, kuma sun yi imani da abin da suke kira margai, iskokin da suke cewa suna zaune a cikin dutse. Yau akwai Musulmi da Kirista da yawa a cikinsu, amma har yanzu baƙo ba ya kama hawa haka kawai. Wani abu kuma, a Mangalme, gabas da Mongo, aka yi boren haraji na 1965 wanda daga shi yaƙin basasar Chadi ya samo tushe. Don haka a wannan ƙasa baƙon da ya zo da littafi da alƙalami yana ƙidayar shanu sai ya fara bayyana kansa. Mun je mun gai da mai gari da sukari da ganyen shayi, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Shi ne ya haɗa mu da wani saurayi ɗan garin ya yi mana ja-gora.

Yaron ya ce shanu sun shiga kwarin ne ta bayan dutse, hanyar kwana biyu. Amma akwai ta ƙafa, wadda in an tashi da asuba za a je a dawo kafin magariba. Muka zaɓi ta ƙafa.

Hawa

Kuskurenmu na farko shayi. Yaron ya ce a tashi ana idar da sallar asuba, mu kuwa muka zauna sai da aka sha na ɗaya da na biyu da na uku, ba mu ɗaga ba sai da rana ta fito. Na biyu ruwa: ƙaramar jarka ɗaya muka ɗauka mu huɗu. Na uku takalmi. Yaron ya dubi ƙafar Alhaji ya ce, "Baba, da wannan za ka hau?" Alhaji ya ce da shi ya je Legas ya dawo. Yaron bai ƙara magana ba.

Sa'ar farko da daɗi. Muka ratsa gonakin dawa da aka girbe, da aduwa da magarya, muna hira. Daga nan hanya ta miƙe tsaye. Manyan duwatsu ne masu santsi, wasu sun kai ɗaki, an jibga su kan juna, sai mutum ya sa hannu da gwiwa. Babbar riga ta zama kaya, kowa ya tuɓe tasa ya naɗe a ka. Rema na leƙo mu daga ramuka, gwaggon biri na zaune a kan fa yana kallonmu kamar mai jiran ya ga ƙarshen abin. A tsakiyar hanya muka wuce kufai, ga jerin duwatsun da aka tare ƙasa da su don noma, ga duwatsun niƙa sun lotsa saboda aiki. Yaron ya ce nan kakanninsa suka zauna kafin a sauko ƙasa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya dutse ya ɗau zafi, ba ya taɓuwa da tafin hannu. A wannan wata zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan fa. Ruwanmu ya ƙare. Takalmin Alhaji ya tsinke, aka ɗaure da igiyar jarka. Can sai muka ga ya daina magana, shi da tun safe yake ta lissafin abin da zai gaya wa makiyayi. Ya zauna, ya ce kansa na juyawa, ya yi amai. Wallahi a nan hankalinmu ya tashi, don babu mota, babu waya, kuma komawa ta fi ci gaba nisa.

Yaron nan ne Allah ya sa ya cece mu. Ya sa muka ja Alhaji cikin wani kogo, ya kwance 'yar salkar da ya rataya tun safe wadda mu ba mu ko kula da ita ba, ya jiƙa rawani ya lulluɓa masa a kai da wuya, ya ce mu yi ta fifita. Ya jefa sukari da ɗan gishiri a sauran ruwan, yana ba shi kurɓi-kurɓi. Sai da muka yi fiye da sa'a ɗaya a kogon kafin Alhaji ya ce a tashi.

Kwarin

Da muka haura wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu biyu sai iska ta buge mu. Ga kwari shimfiɗe a gabanmu, duwatsu sun kewaye shi. Ciyawa busasshiya ce, amma tana nan tsaye ba a cinye ta ba, ga kanya da ɓaure da tsamiya kore shar a bakin wani rafi da ya ƙafe. A cikin yashin rafin an haƙa 'yan rijiyoyi da ba su wuce tsayin mutum ba, ruwan da dutse ya riƙe tun damina yana tsattsafowa a hankali. Mu muka fara faɗa wa ruwan nan kafin mu yi sallama.

Makiyayin ya taso da gudu. Bai tambayi abin da ya kawo mu ba, ya shimfiɗa buzu, aka kawo nono da shayi. Bayan azahar ya ce, "Alhaji, taso ka ga dukiyarka."

Muka ƙidaya sau biyu: 43. Ba su yi ƙiba ba, amma tozo a tsaye, gashi na sheƙi, ba irin ƙasusuwan da muka gani a bakin rijiyoyin hanya ba. Alhaji ya ce saura uku. Mutumin ya shiga bukka ya fito da fatu biyu busassu, kowace da lambar Alhaji. Ɗaya kura ce, ɗaya kumburin ciki. Na ukun ya karye a ƙafa tun kafin su shigo kwari, shi ne ya kai wa mahauta a Bitkin don kada a yi asara duka. Ya kwance bakin rawaninsa ya zaro kuɗin a ƙulle ya ajiye gaban Alhaji. Watau wanda ya ce ya ga sa a hannun mahauta bai yi ƙarya ba, rabin labari ne ya kawo.

Game da ƙin saukowa kuwa, ya yi mana lissafin da duk mun san shi amma muka manta. Babban sa yana shan lita 30 zuwa 40 a yini da zafi. A ƙasa, garke nawa ne ke layi a rijiya ɗaya, har sai an kwana biyu kafin a shayar? Ƙidayar dabbobin da aka yi daga 2012 zuwa 2015 ta nuna shanun Chadi sun kusa miliyan 25, kuma da bazara duk bakin ruwa suke nufa. Ya ce da ya koro su a wannan wata, kwana biyu ba ciyawa, da fatun da zai nuna mana sun fi biyu. Waya kuwa, sai ya hau wani tsauni kafin ta kama.

Alhaji ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya kama hannun mutumin ya ce, "Malam, na zarge ka a gaban jama'a. Ka yafe mini." Ya mayar masa da rabin kuɗin san nan ya ce na kanwa ne da magani.

Mun kamo hanya da la'asar da jarka cike. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, kuma da fitilar hannu muka ƙarasa gari bayan isha.

Abin Da Muka Ɗauko

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce, duk wanda zai bar shanu amana a rubuta a gaban shaidu: adadinsu, da lambarsu, da inda za su yi bazara, da wanda zai biya kuɗin ruwa da magani, da abin da za a yi in dabba ta karye ko ta mutu. A kuma yarda tun farko cewa mai kiwo ne zai faɗi lokacin tashi. Kada a kai kowa gaban hukuma a kan "an ce" sai ƙungiya ta tura an gani.

Wanda kuma tafiya irin wannan ta kama shi, ya tashi da asuba, ya nemi izinin masu ƙasa da ɗan ja-gora, ya sa takalmin roba mai kama ƙafa, kowane mutum da jarkarsa. A riƙe sukari da gishiri: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya wakilta yaro.

A ƙarshe, mu da muke zaune a rumfa muna yanke wa masu kora lada saboda sa ya rame a hanya, yini ɗaya kacal muka yi a inda suke yin watanni, sai da muka kwana uku muna ɗingishi. A tuna da wannan ranar biya. Allah ya kawo damina mai albarka, ya tsare mana dukiya da mutunci, amin.