Ginin Da Ba Ya Shan Iska

A shekarar 1973, da ƙasashen Larabawa suka hana wa Amurka man fetur, kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo. Sai magina a can suka shiga liƙe gine-gine, don kada ɗumi ko sanyin da aka saya da tsada ya zurare waje. Aka toshe kafofi, aka kafa tagogin gilashi waɗanda ba sa buɗuwa, aka rage iskar waje da ake shigar wa kowane mutum zuwa sulusinta.

An yi tsimin wuta kam. Amma fa ma'aikata suka soma kukan ciwon kai, da ƙaiƙayin ido, da kasala, in sun fita waje kuwa sai su wartsake. Ashe warin fenti, da gam ɗin kafet, da hayaƙin taba, da numfashin jama'a ne suke ta kewayawa a ciki, ba mafita. A 1984 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matsalar tana iya shafar har kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima. A 1989 injiniyoyin Amurka suka mayar da ma'aunin iskar yadda yake da.

To, 'yan'uwa masu aiki a dogayen benayen Marina a Ikko, ku lura: iyakwandishan na bango sanyaya iskar ɗaki yake yi, ba sabunta ta ba. A gida ma haka. Wanda ya toshe taga ya kunna maganin sauro, hayaƙin zai kwana yana shaƙa. Janareta kuwa a bar shi waje nesa da taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.